Kyanwar Wa Ce? Yadda Asibitocin Dabbobi a Birtaniya Ke Cigiyar Masu Dabbobin da Mota Ta Kashe

Da sanyin safiya, ana buɗe ƙofar asibitin dabbobi ke nan, sai mutum ya shigo rungume da kwali, ko tsohon tawul a naɗe. A hanyarsa ta zuwa aiki ya hango kyanwa kwance a gefen kwalta, mota ta kaɗe ta cikin dare har ta sandare. Bai san ta ba, bai san mai ita ba, amma zuciyarsa ta ƙi yarda ya wuce ya bar tayoyi su ci gaba da bi ta kanta. Ya miƙa wa ma'aikaciyar da ke bakin kanta, ya faɗi sunan titin da ya tsince ta, ya juya ya tafi. Daga wannan lokaci nauyin ya koma wuyan asibitin.

Irin wannan safiya ba baƙuwa ba ce a asibitocin dabbobi na Birtaniya, daga Landan har ƙauyukan Sikotilan. A wurinmu dabbar da ta mutu ba a yanka ta ba sunanta mushe, ja ake yi a kai bola. A can kuwa wannan kyanwa tana da suna, tana da kwanon cinta a kicin, wataƙila akwai yarinyar da ba ta barci sai ta ji ɗuminta a ƙafa, ko tsohon da ba shi da abokin hira sai ita. Yanzu haka suna can suna leƙa taga, suna kaɗa gwangwanin abincinta a bakin ƙofa ko za ta ji ta dawo. Aikin da ke gaban ma'aikatan asibitin shi ne su gano wannan gida, su kai masa labari, ko da labarin mai ɗaci ne.

Yawan abin

A Ingila kaɗai, gwamnati ta ce akwai kyanwoyin gida sama da miliyan 9. Yawancinsu ba a tsare suke ba. Ana yi musu ƙaramar ƙofa a jikin ƙofar baya, su fita lokacin da suka ga dama, su tsallaka katanga, su ƙetare titi, su dawo. Dokar ƙasar ta ɗora wa mai kare alhakin tsare karensa, amma ta bar kyanwa da yawonta. Wannan sakewar ce ke kai da yawa daga cikinsu ƙarƙashin taya. Kamfanin inshorar dabbobi na Petplan ya taɓa ƙiyasta cewa motoci na kaɗe kyanwoyi kusan 230,000 a shekara a Birtaniya, wato kimanin 630 a kowace rana.

Wani bincike da Dokta Irene Rochlitz ta Jami'ar Kambirij ta wallafa a 2003 ya nuna cewa ƙananan kyanwoyi, 'yan wata bakwai zuwa shekara biyu, sun fi faɗawa cikin hatsarin, kuma muzurai sun fi mata. Ga kuma duhu: a watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, don haka lokacin da ma'aikata ke tururuwar komawa gida ya zo daidai da lokacin da kyanwa ke fita farauta. Hasken fitila ya dallare mata ido, ta daskare a tsakiyar titi, ko ta zabura ta faɗa gaban motar. Wadda ba ta mutu nan take ba sau da yawa takan ja jiki ta shige ƙarƙashin shinge ko lambun wani gida, a can rai ya yi halinsa, inda mai ita ba zai taɓa tunanin dubawa ba.

Abin da ake yi a ɗakin baya

Farkon abin da likita ko nas za su yi shi ne tabbatar da cewa babu sauran numfashi. Za a sa abin sauraron ƙirji, a duba ido. Idan da sauran rai, maganar ta sauya: ƙa'idar hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Birtaniya, wato RCVS, ta wajabta wa likita ya ba da taimakon gaggawa da maganin rage zafi ga dabbar da ke cikin wahala, ko an san mai ita ko ba a sani ba. Idan kuma ta cika, sai a shimfiɗa ta a kan tebur a fara neman shaida.

Za a duba wuya ko akwai abin wuya mai ɗauke da suna da lambar waya. Karnuka sun fi zuwa da shi, domin wata doka ta 1992 ta ce kare ba zai fita bainar jama'a ba sai da sunan mai shi da adireshinsa a wuya. Na kyanwa kuwa akan yi shi ne da maɓalli mai saurin ɓallewa don kada ya shaƙe ta idan ya maƙale a reshe, saboda haka bugun mota kan cire shi ya yi nasa wuri. Sai nas ta ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, ta ɗora a tsakanin kafaɗun dabbar, ta riƙa jan ta sannu a hankali. Idan ba ta yi ƙara ba, sai ta bi wuya, ta gangara haƙarƙari na dama da na hagu, ta bi ƙirji da hammata har ƙafafun gaba. Ba ta gaggawa, domin abin da take nema yakan gusa daga inda aka dasa shi, musamman a jikin da mota ta daka. Masu hankali ma sukan sake gwadawa da wata na'urar kafin su yanke cewa babu.

Tana yi tana rubutawa: launin gashi, mace ce ko namiji, an fiɗiye shi ko ba a fiɗiye ba, shekarunta bisa ƙiyasin haƙora, farin tabo a ƙirji, guntuwar jela, tsohon tabon tiyata a ciki. Takan buɗe dagin ta duba farata. Faratan da suka zazzage suka yi buzu-buzu alama ce da likitocin dabbobi suka sani, domin kyanwa kan kafa su a kwalta lokacin da mota ta ja ta. Takan kuma duba kunnen hagu. Idan an datse kansa a miƙe, to wannan kyanwar titi ce da ƙungiyoyin agaji suka kama, suka yi mata aikin hana haihuwa, suka sake ta. Ko ita ma sau da yawa akwai wata baiwar Allah da ke ajiye mata abinci kullum, wadda za ta so ta ji labarinta.

Ƙwaya kamar ta shinkafa

Abin da na'urar ke nema wata 'yar ƙwayar shaida ce da Turawa ke kira maikurocif. Girmanta kamar ƙwayar shinkafa, ana cusa ta ƙarƙashin fata da allura, sau ɗaya a rayuwar dabba, a kan kuɗin da yawanci bai wuce fam 20 zuwa 30 ba. Babu batir a cikinta, kuma ba ta nuna inda dabba take kamar yadda wasu ke zato. Na'urar karantawa ce ke aika mata da ɗan ƙarfin da zai tashe ta, ita kuma ta amsa da lamba mai alƙaluma 15. Lambar nan ita ce sunan dabbar a hukumance, kuma ba ta gogewa don dabbar ta mutu.

Sai dai lamba ita kaɗai ba ta kai mutum ƙofar kowa. Dole sai an shigar da ita kwamfuta a gano rumbun bayanan da aka yi mata rajista. A Birtaniya ba rumbu ɗaya ba ne. Kamfanoni da dama ne ke riƙe da su da amincewar gwamnati, kuma Petlog na ƙungiyar Kennel Club na cikin waɗanda suka fi daɗewa. Asibiti na da lambar sirrinsa da yake shiga da ita ya ga sunan mai dabba da wayarsa da adireshinsa. Wanda ya tsinto dabbar ba a ba shi waɗannan bayanai, domin dokar kare sirrin mutane ta hana.

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. An sami lamba, an buga waya, sai a tarar layin ya daɗe da mutuwa. Mai kyanwar ya tashi daga gidan shekara uku da suka wuce bai sabunta adireshi ba. Ko kuma sunan da ke rajista na wanda ya sayar da ita ne tun tana jaririya, wanda ba ya ma tuna wa ya saya. A irin wannan hali ma'aikatan kan aika saƙon imel, su rubuta wasiƙa zuwa tsohon adireshin, su tuntuɓi asibitin da ya dasa ƙwayar ko yana da sabuwar lamba a fayil. Duk wannan ɗawainiya babu mai biyan su ita. Suna yin ta ne a tsakanin tiyata da allurar rigakafi da layin masu jira.

Kiran da babu mai son yi

Idan wayar ta shiga, nauyi mafi girma ya zo. Yawanci nas ce ko mai karɓar baƙi ke kira. Takan fara da faɗin sunan asibitin, ta tabbatar da wanda take magana da shi, ta ambaci sunan dabbar, ta tambaya ko yana wurin da zai iya sauraro, don kada labarin ya riski mutum yana tuƙi. Sannan ta faɗa masa a sarari, ba tare da kewaye-kewayen da zai sa ya yi zaton dabbar tana raye ba. Tambayar da ta fi biyo baya ita ce ko ta sha wuya kafin ta mutu, da kuma wa ya kawo ta.

Kafin mai ita ya iso, akan goge jinin, a gyara mata kwanciya, a lulluɓe ta da bargo mai tsabta a bar fuska kawai, ko kuma gefen da bai lalace ba. Idan raunin ya yi muni, ana gaya masa tun a waya don ya zaɓa ko zai gani ko ba zai gani ba. Wasu asibitocin kan yanko ɗan gashi su sa a ambulan, ko su dangwala dagin a tawada su buga a kati su ba shi. Daga nan zaɓi nasa ne. Doka ta yarda ya binne ta a lambun gidan da ta rayu a ciki, matuƙar gidan mallakarsa ne. Ko kuma ya biya a ƙona gawar ita kaɗai a dawo masa da tokar a ƙaramin akwati, al'adar da ta zama ruwan dare a can duk da cewa baƙuwa ce a idon Bahaushe.

Ma'aikatan sun san abin da ya sa suke jure wannan kira. Wanda aka gaya wa zai yi kuka, ya yi jimami, ya haƙura. Wanda ba a gaya wa ba shi ne zai shafe watanni yana manna hoto a jikin turakun lantarki, yana bin lunguna da tocila cikin sanyi, yana zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Idan babu shaida ko kaɗan

Dabbar da ba ta da abin wuya, ba ta da ƙwaya, ita ce ainihin jarrabawar. Za a sa ta a jaka mai ƙwari, a liƙa takarda mai ɗauke da kwanan wata da titin da aka same ta da kamanninta, a ajiye a firizar da ke can bayan asibiti. Sai a buɗe littafin cigiya, inda ake rubuta duk wanda ya bugo waya yana neman dabbarsa, a gwada ko akwai wadda ta yi kama. A kira asibitocin da ke maƙwabtaka da reshen ƙungiyar Cats Protection na yankin. Idan kare ne, a sanar da jami'in ƙaramar hukuma mai kula da karnukan da suka ɓata. Sannan a sa sanarwa a shafin asibitin na Facebook.

Sanarwar tana da ladabinta. Ba a sa hoton gawa, domin yara na gani, kuma bai dace mutum ya fara cin karo da mutuwar dabbarsa a allon waya ba. Kwatance ake yi: baƙin muzuru mai farin ƙirji, an same shi a titi kaza ranar kaza. Akan kuma ɓoye alama ɗaya ba a faɗa ba, don a gwada duk wanda ya zo ya ce tasa ce. Sau da yawa mutum uku ko huɗu ne za su bugo waya a kan kyanwa ɗaya, kowa gabansa na faɗuwa. A ce su turo hoto, nas ta koma firiza ta buɗe jaka ta gwada tabo da tabo. Uku za su ajiye waya da ajiyar zuciya su ci gaba da nema, ɗaya kuma ya zo ya ɗauki tasa.

Firiza dai ba ta da faɗin da za ta riƙe kowa har abada. Ga kare mai rai da aka tsinta, doka ta ba ƙaramar hukuma kwana 7 ta riƙe shi kafin ta nema masa wani gida. Ga gawa kuwa kowane asibiti da tsarinsa: wani mako ɗaya, wani biyu, wani ya kai wata idan da wuri. In wa'adi ya cika ba wanda ya zo, sai a miƙa ta ga motar kamfanin ƙona gawarwakin dabbobi da ke zagayawa asibitoci, a ƙona ta tare da wasu. Kuɗin kuwa galibi asibitin ne ke ɗauka. Masu lura ba sa yar da takardar bayanin da hoton da suka ɗauka don fayil, saboda akwai wanda sai bayan wata biyu zai dawo daga tafiya ya zo tambaya, kuma ko ba a ba shi gawa ba, a ba shi amsa.

Inda doka ta bar giɓi

Duk wannan yana faruwa ne idan an yi dace wani ya kai dabbar asibiti. Sashe na 170 na Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 1988 ya tilasta wa direba ya tsaya idan ya kaɗe dabba, kuma idan bai ba da bayanansa ga wanda ya dace ba, ya kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24. Amma dokar ta lissafa dabbobin da take nufi: doki, saniya, jaki, alfadari, tunkiya, alade, akuya da kare. Babu kyanwa. Jerin ya samo asali ne daga zamanin da ake auna darajar dabba da aikin da take yi a gona. Don haka direban da ya take kyanwa ya wuce bai karya wannan doka ba.

Wadda aka bari a titi kuwa, masu sharar ƙaramar hukuma ne za su kwashe ta. Wasu ƙananan hukumomin sun saya wa ma'aikatansu na'urar karantawa da firiza, suna kuma sanar da masu dabba. Wasu kuwa suna haɗa ta da shara, da ƙwayar da komai. Titi ɗaya zai iya raba gidan da za a kira da gidan da ba za a taɓa kira ba.

Dabbobi biyu ne suka sa ƙasar ta dubi wannan giɓi. Na farko wani ƙaramin kare ne mai suna Harvey, wanda ya kuɓuce a watan Nuwamba na 2013, mota ta kashe shi a babbar hanyar M62 jim kaɗan bayan fitarsa. Yana da ƙwaya, yana da abin wuya, amma masu shi sun shafe mako 13 suna nema kafin su ji abin da ya faru. Takardar koken da aka buɗe da sunansa ta tara sa hannun mutum sama da 100,000, Majalisar Dokoki ta tattauna ta a watan Maris na 2015, kuma ƙaramin ministan sufuri na lokacin, John Hayes, ya yi alkawarin cewa 'yan kwangilar manyan hanyoyi za su riƙa duba dabbobin da suka kwasa suna neman masu su. Sai dai hukumar manyan hanyoyin, wadda yanzu ake kira National Highways, kaso kaɗan na titunan Ingila ke hannunta. Titunan unguwa, inda kyanwoyi suka fi mutuwa, na ƙananan hukumomi ne.

Ta biyu kyanwa ce mai suna Gizmo, wadda mota ta kashe a 2016 aka kawar da gawarta ba a duba ƙwayar da ke jikinta ba. Gangamin da ya ɗauki sunanta shi ma ya haura sa hannu 100,000, aka tattauna shi a majalisa a 2019. A 2020 ɗan majalisa mai wakiltar Bury ta Arewa a lokacin, James Daly, ya gabatar da ƙudurin da zai tilasta wa ƙananan hukumomi duba kyanwoyin da suka kwasa, amma ƙudurin bai zama doka ba. A farkon 2023 an sake muhawara a kan wani koken da ke neman a tilasta wa direbobi tsayawa idan sun kaɗe kyanwa, gwamnati ba ta amince ba.

Inda aka ci gaba shi ne wajen dasa ƙwayar kanta. Tun watan Afrilu na 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kare a Ingila da Sikotilan da Wales kafin ya wuce mako 8, bayan Ireland ta Arewa ta riga su tun 2012. Daga ranar 10 ga Yuni, 2024, dokar ta hau kan kyanwoyi a Ingila: a dasa kafin ta kai mako 20, wanda aka samu bai yi ba a ba shi kwana 21, in ya ƙi a ci shi tarar da za ta iya kai fam 500. Lokacin da ake shirin dokar, gwamnati ta ce kyanwoyi har miliyan 2.3 ne ba su da ƙwaya a Ingila. An tilasta wa mai kyanwa ya dasa shaida, amma ba a tilasta wa mai kwashe gawar ya karanta ta ba, kuma wannan shi ne kukan masu gangamin har yanzu.

Haƙƙin tsintuwa

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba zai rasa gane zuciyar wannan al'amari ba. Mun san tunkiyar da ta ɓace aka kai ta ƙofar mai unguwa aka ɗaure, aka yi shela a masallaci da kasuwa. Mun san tsagar kunne da shafin fenti da ake yi wa dabba don a shaida ta, mun san cigiya a gidan rediyo. Malamai sun karantar da mu cewa tsintuwa amana ce sai an nemi mai ita, sun kuma ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ta hana ta abinci har ta mutu. Abin da nas ɗin nan ke yi da na'urarta a ɗakin baya cigiya ce, kayan aikin ne kawai suka bambanta.

Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Landan da Mancesta da Bamingam da sauran garuruwan Birtaniya, masu karatu da masu aikin asibiti da masu tuƙi dare da rana, wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Idan tsautsayi ya sa kun kaɗe kare, doka ta ce ku tsaya. Idan kyanwa ce, doka ba ta ce ba, amma tausayi ya ce. Ku tsaya inda babu hatsari, ku naɗe ta a tawul ko tsumma, ku kai asibitin dabbobi mafi kusa, ku faɗi titin da abin ya faru. Duba ƙwayar ba ya cin minti biyu, kuma asibitoci ba su saba karɓar kuɗi a kansa ba. Idan kuma kuna da kyanwa ko kare a gida, ku dasa masa shaida, ku sabunta lambar waya duk lokacin da kuka sauya ta. Akwai gidan da ke jiran labari, kuma wataƙila ta hannunku kaɗai zai iso.